Zuwa Da Kai Ya Fi Aike

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ji da gani da harshe, Ya ba wanda Ya so, Ya kuma jarrabi wanda Ya so da rashinsu bisa ga hikimarsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. 

A wannan mako za mu dakatar da bayanin da mu ke ciki domin mu amsa wata takarda da wani malamin makaranta ya aiko mana. Malamin ya ce ya yi karatun koyar da kurame, ya kuma yi shekaru yana wannan aiki a gida. Yanzu wata ƙungiya ta masu aikin sa kai ta neme shi ya tafi ƙasar Gana, ya yi shekara biyu a wata makarantar kurame da ke fama da ƙarancin malamai. Babu albashi, sai wurin kwana da ɗan abin sayen abinci. Ya ce zuciyarsa ta kwanta da tafiyar, amma dangi sun taso masa. Kawunsa ya ce gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Wani ya ce ai yaran can da yawa ba Musulmi ba ne, ina ladar wahala a kansu? Wani kuma ya ce aikin duka ɓata lokaci ne, domin kurma Allah Ya riga Ya ɗauke masa nauyi. To, shi ne ya ke tambaya, me Shari'a ta ce game da wannan tafiya?

Malam, mun gode da wannan tambaya, gama ta shafi mutane da yawa waɗanda ba su da bakin yi. Kafin mu zo ga hukunci, bari mu ba ka labarin yadda karatun kurame ya fara a ƙasar da ka ke shirin zuwa, domin a cikin labarin akwai abin lura gare mu duka.

Baƙon da ya sauka a 1957

An haifi wani yaro baƙar fata mai suna Andrew Foster a jihar Alabama ta ƙasar Amurka a shekarar 1925, a zamanin da dokar wariyar launin fata ke aiki a kudancin ƙasar. Yana da shekara 11 sai ciwon sanƙarau ya kama shi. Allah Ya yi da sauran kwanansa, ya tashi, amma kunnuwansa sun rufe. Ya yi makarantar kurame ta baƙar fata, sa'an nan ya koma birnin Detroit yana aikin ƙarfi da rana, yana karatu da dare. Ya nemi shiga kwalejin Gallaudet da ke birnin Washinton, wadda aka kafa musamman domin kurame, aka yi ta mayar da shi saboda launinsa. Sai a 1951 aka karɓe shi, ya gama a 1954, ya zama baƙar fata na farko da ya sami digiri a wurin.

Wannan mutum Kirista ne, kuma niyyarsa ita ce ya zo Afirka ya koya wa kurame karatu da addininsa. Ƙungiyoyin mishan da ya nema ba su ɗauke shi ba, saboda haka a 1956 ya kafa tasa ƙungiyar, ya bi gari gari yana neman taimako. A 1957, watau shekarar da Gana ta sami mulkin kai, ya sauka a birnin Akara, wanda fatakenmu ke kira Ankara. A lokacin makarantun kurame a nahiyar Afirka 'yan kaɗan ne ƙwarai, mafi yawansu kuwa suna can arewacin nahiyar da Afirka ta Kudu. Bai zo da gini ba, bai zo da dukiya ba. Aron ɗakin karatu ya yi a wata makarantar mishan a unguwar Osu, in an tashi 'yan makaranta sai ya shiga da nasa yaran ƙalilan. Bayan 'yan shekaru makarantar ta koma garin Mampong a ƙasar Akwapim, ta zama ta kwana.

A 1960 ya buɗe wata a Ibadan. Daga nan aikin ya bazu zuwa Kwaddibuwa, da Togo, da Cadi, da Senegal, da Benin, da Kamaru, da wasu ƙasashe. Sa'ad da ya rasu cikin haɗarin jirgin sama a ƙasar Ruwanda, a watan Disamba na 1987, ya bar makarantun kurame fiye da 30 a ƙasashe 13. Abin da ya sa aikin bai mutu da mutuwarsa ba kuwa shi ne, tun farko ya mai da hankali ga horar da 'yan ƙasa. Ya kan zaɓi masu ƙwazo daga cikin kuramen da ya koyar, ya mai da su malamai. Ibadan ta zama wurin da a ke kawo mutane daga ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka, a horar da su, su koma gida su riƙe makarantunsu.

Jama'a, ba mu kawo wannan labari domin mu zagi kowa ba, ba kuma domin mu ɓoye cewa aƙidarmu da tasa dabam su ke ba. Adalci wajibi ne ko ga wanda ba addininku ɗaya ba. Mutumin ya yi imani da wani abu, ya bar ƙasarsa, ya ba da shekara 30 na rayuwarsa a kai. Abin tambaya shi ne, a cikin waɗannan shekaru, 'ya'yan Musulmi kurame nawa ne suka girma a zangon Kumasi, da Nima, da Kano, da Katsina, da Damagaram, ba wanda ya taɓa zaunar da su ya fahimtar da su wane ne Ubangijinsu? Mu muna ina? Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Gadonmu ne muka bari

Wani zai yi tsammani barin gida domin koyarwa al'ada ce ta Turawa. Ko kusa. Bayan mubaya'a ta farko a Aƙaba, kimanin shekara ɗaya kafin Hijira, mutanen Yasriba sun nemi a ba su wanda zai koya musu addini. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika musu da Mus'abu ɗan Umairu. Wannan saurayi ya tashi cikin gata da sutura mai tsada a Makka, amma ya bar wannan duka, ya sauka baƙo a gidan As'adu ɗan Zurara, yana bin unguwa unguwa yana karantarwa. A hannunsa manya irin su Usaidu ɗan Hulairu da Sa'adu ɗan Mu'azu suka musulunta. Ranar da ya yi shahada a Uhudu, mayafin da aka samu domin a lulluɓe shi bai isa ya rufe kai da ƙafa gaba ɗaya ba. Ga malamin sa kai na farko a Musulunci.

Abin da ya fi wannan jan hankali shi ne wanda ya biyo shi. Ya tabbata cikin ingantaccen hadisi cewa farkon waɗanda suka isa Madina suna koya wa mutane Alƙur'ani su ne Mus'abu da Abdullahi ɗan Ummu Maktum. Abdullahi kuwa makaho ne. Shi ne wanda ya zo neman ilmi a lokacin da Annabi ke magana da manyan Ƙuraishawa yana kwaɗayin musuluntarsu, Annabi ya juya ga barinsa, sai Allah Ya saukar da farkon Suratu Abasa Yana yi wa Manzonsa gargaɗi a kan haka. Ku duba, jama'a. Mafificin halitta aka yi wa gargaɗi saboda makaho mai neman ilmi ya jira na ɗan lokaci. Ina ga al'ummar da ta bar naƙasassunta suna jira shekara da shekaru? Wannan makaho daga baya ya zama ladanin Annabi tare da Bilalu, kuma sau da dama Annabi ya kan bar shi a Madina yana ba mutane salla in ya fita yaƙi.

Magabata sun bi wannan hanya. Aɗa'u ɗan Abu Rabaha, baƙar fata ne, gurgu, daga baya ya makance, amma shi ne mai fatawa a Makka a zamaninsa. Imamu Shaɗibi, wanda mahardata ke dogara da shi wajen ilmin ƙira'a har yau, makaho ne. Ya baro Andalus ya zo Masar ya karantar a Alƙahira, a can ya rasu a shekara ta 590 bayan Hijira. Masu tarihi sun ambata cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmalik ya sa wa ko wane makaho ɗan jagora, ya sa wa ko wane musaki mai yi masa hidima, daga baitulmali.

Mu kanmu a nan, ta wace hanya addini ya same mu? Tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun taso daga Mali suka zo a zamanin Sarki Yaji. Shaihu Magili ya ƙetaro Sahara ya zo a zamanin Muhammadu Rumfa. A 1934, da aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano, daga Sudan aka zo da malamanta. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta shirya jajis, mata masu bin ƙauyuka suna karantar da 'yan'uwansu. Da ko wanne daga cikin waɗannan ya ce ba zai fita ba sai garinsu ya ƙoshi da ilmi, da har yanzu muna cikin duhu.

Shin an ɗauke wa kurma nauyi?

Mu zo ga wanda ya ce koyar da kurma ɓata lokaci ne. Wannan magana kuskure ce babba, kuma ita ce tushen sakacinmu. Waɗanda hadisi ya ambata an ɗauke musu alƙalami su uku ne, mai barci har ya farka, da yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Babu kurma a cikinsu. Kurma hankalinsa cikakke ne. Bebantakar da mu ke gani ga mafi yawansu ba ciwon harshe ba ne, rashin jin magana ne tun suna ƙanana ya hana su kwaikwayonta. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suka ce isharar bebe, in ana gane ta, tana tsayawa a matsayin magana wajen ciniki, da aure, da saki. Sallarsa ma ingantacciya ce ko da bai furta karatu ba, domin Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ba ta iyawa.

Abin da ya ke gaskiya shi ne, wanda saƙo bai isa gare shi ba yana da uzuri. Imamu Ahmadu ya ruwaito a cikin Musnadinsa cewa ranar alƙiyama wasu mutane huɗu za su kawo hanzarinsu, ɗayansu kuwa kurma ne, wanda zai ce Musulunci ya zo alhali shi ba ya jin kome. To, jama'a, shi ga hanzarinsa. Mu fa? Wanda ya zauna gida ɗaya da shi shekara ashirin, da limamin unguwarsa, da attajirin da ke ba shi sadaka a bakin masallaci, da hukumar garinsa, wane hanzari za su kawo? A cikin wannan littafi dai an ruwaito cewa da Abu Zarri ya koka da rashin dukiyar yin sadaka, Annabi ya lissafa masa ƙofofin sadaka waɗanda ba sa bukatar kuɗi, a cikinsu akwai jagorar makaho, da fahimtar da kurma da bebe har su gane. Ke nan aikin da Malam ya ke yi an ambace shi tun a bakin Manzo.

Daga nan mu ke cewa koyar da kurame da makafi da sauran naƙasassu farilla ce ta kifaya. In wasu sun tsaya da ita yadda ta wadatar, nauyi ya sauka daga kan saura. In kowa ya bari, kowa ya yi laifi. Abin da farilla ba ta cika sai da shi kuwa, shi ma farilla ne. Saboda haka koyon maganar hannu, da gina makaranta, da horar da malamai, duk sun shiga ciki.

Kada kuma a ce su nawa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2021 cewa mutane kimanin miliyan 430 ne ke da matsalar ji mai bukatar kulawa, a cikinsu akwai yara miliyan 34. Ciwon da ya kurmantar da Foster ba baƙo ba ne gare mu. A annobar sanƙarau ta 1996 mutane fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, da yawa daga waɗanda suka tashi kuma suka tashi ba sa ji. Ƙyanda ma tana yin haka, da ciwon kunne da aka bari ba magani. Hukumar ta ce fiye da rabin kurmancin yara ana iya kauce masa. Iyaye su lura, rigakafi ya fi magani.

Gida bai ƙoshi ba

Maganar kawunka tana da ƙamshin gaskiya, kada ka raina ta. Shari'a ta ce a fara da na kusa. Gaskiya ne kuma makarantunmu na gida suna bukata. Makarantar Tudun Maliki a Kano an buɗe ta tun 1977, a shekarar ce kuma aka kafa kwalejin horar da malaman naƙasassu a garin Oyo, amma har yanzu ana ganin yara kurame da makafi a tasha da kasuwa da ƙoƙon bara. In tafiyarka za ta sa a rufe ajinka, yaranka su watse, to zama ya fi, domin ba a rushe wani gini a gina wani. Amma in akwai wanda zai riƙe wurinka, can kuwa babu kowa, to bukata ta fi tsanani can, kuma mai bukata ba ya zama bare don an ja layi tsakanin ƙasarku da tasa. Iyakokin nan ba su fi shekara ɗari da 'yan kai ba. Kakanninmu sun daɗe suna fataucin goro zuwa Gwanja kafin a ja su, kuma jikokinsu na nan a zango suna magana da Hausa.

Har ila yau, mai tafiya ba ya komowa hannu wofi. Zai ga yadda wasu ke tafiyar da makarantunsu, ya ga abin da ya fi namu ya ɗauko, ya ga kuskurensu ya kauce masa. Gwamnatin Nijeriya ma ta gane haka, shi ya sa a 1987 ta kafa shirin aika malamai da likitoci da sauran ƙwararru zuwa ƙasashen Afirka, da tsibiran Karebiyan, da na tekun Fasifik, su yi shekara biyu biyu suna taimako. Ina ma attajiranmu da ƙungiyoyinmu na addini za su ɗauki nauyin irin wannan domin naƙasassu, yadda su ke ɗaukar nauyin masu wa'azi.

Game da yaran da ba Musulmi ba kuwa, Allah bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba, kamar yadda ya zo a Suratul Mumtahana. Annabi ya ba da labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. In shayar da dabba na da lada, ina ga buɗe wa ɗan Adam ƙofar magana? Ka tuna kuma bayan yaƙin Badar, wasu fursunoni mushirikai sun fanshi kansu da koya wa yaran Madina rubutu. Mun karɓi ilmi daga hannun wasu, ba laifi ba ne mu ba da. A arewacin Gana ma, a wurare irin su Savelugu da Wa inda akwai makarantun kurame, Musulmi suna da yawa, ba za ka rasa 'ya'yansu ba.

Sharuɗɗan tafiya

To, Malam, amsar tambayarka ita ce tafiyar halal ce, kuma aikin lada ne mai girma, in ka kiyaye waɗansu abubuwa.

Na farko, izinin mahaifa. Wani ya zo wurin Annabi yana neman fita jihadi, da Annabi ya ji iyayensa na raye sai ya mayar da shi ga hidimarsu. Haƙƙinsu farilla ce a kanka kai kaɗai, wancan kuwa farilla ce ta jama'a. Ka lallashe su da ladabi. Kawu ma a je a durƙusa a yi masa bayani, ko da izininsa ba sharaɗi ba ne. In kana da iyali, ka tanadi ci da sha da suturarsu, ka nemi yardar matarka, ka shirya yadda za ka riƙa leƙo gida. Sayyidina Umar ya ƙayyade wa mayaƙa lokacin da ba za su wuce ba suna nesa da iyalinsu. In akwai bashi a kanka, ka biya ko ka nemi yardar mai shi.

Na biyu, gyara niyya. Ɗan abin da za a ba ka na abinci ba ya rage lada, domin malamai sun halatta karɓar lada a kan koyarwa. Abin da ke cinye lada shi ne riya. A zamanin nan ana ganin masu zuwa irin waɗannan makarantu na mako ɗaya ko biyu, su rungumi yara, a ɗauki hoto, a watsa wa duniya, su tafi. Yaro ya fara sabawa da mutum sai ya neme shi ya rasa, gobe wani ya zo, jibi ya tafi. Wannan yawon buɗe ido ne da naƙasar mutane. In ka yi alkawarin shekara biyu, ka cika shekara biyu. Ka kiyaye mutuncin yaran, kada ka mai da su abin nuni.

Na uku, ka shiga a matsayin ɗalibi kafin ka zama malami. Za ka sami sauƙi guda, domin maganar hannun da a ke koyarwa a makarantun Gana da ta makarantun Nijeriya tushensu ɗaya, duka daga ta Amurka suka fito ta hannun Foster, ko da ya ke ko wacce ta yi nata rassa. Amma a nan akwai abin da ya kamata a koya daga aikinsa ta wata fuska. Kurame a Afirka suna da nasu harsunan hannu tun kafin zuwan makaranta. A ƙauyen Adamorobe na ƙasar Gana, inda kurmanci ke bin jini, mutanen garin suna da tasu maganar hannu ta gado. A Kano ma kurame suna da tasu, wadda su ke kira maganar hannu, har da sarkinsu. Da makaranta ta zo da ta baƙi, sai ta gida ta fara komawa baya a wurin 'yan makaranta, har ya kan zama yaro ya dawo hutu yana ishara da abin da uwarsa ba ta ganewa. Kada ka raina abin da ka tarar. Annabi ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa domin bukatar aiki, kuma Allah bai aiko wani manzo ba sai da harshen mutanensa. Ka girmama malaman da ka samu a wurin, waɗanda suka riƙe makarantar tun kafin ka zo, kuma su ne za su riƙe ta bayan ka tafi. Da ɗan gari a kan ci gari.

Na huɗu, amana. Iyayen yaran nan sun danƙa su ga makaranta domin karatu. Yaro kurma ya kan ɗauki malaminsa tamkar uba, domin sau da yawa shi ne mutum na farko da ya fahimce shi. Kada ka yi amfani da wannan ka juya ɗan wani daga addinin iyayensa a ɓoye, gama abin da ba mu so a yi wa namu, kada mu yi wa na wani, kuma babu tilas a addini. Halinka ya isa ya yi maka wa'azi. 'Ya'yan Musulmi kuwa, da sanin iyayensu da hukumar makaranta, ka koya musu tauhidi, da tsarki, da alwala, da salla, da halal da haram, da hannunka. Ka yi haƙuri, domin icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, yaron da ya kai shekara goma ba shi da harshe ko ɗaya kuwa sai an yi da gaske.

Na biyar, wanda ya fi duka, ka bar magaji. Baƙo raɓa ne. Tun ranar da ka sauka ka fara neman wanda zai gaje ka, musamman daga cikin kuramen kansu, domin su suka fi sanin ciwon. Ka jawo iyaye su koyi maganar 'ya'yansu, ko da kalma hamsin ce. Ka rubuta abin da ka koyar ka bar musu. In ka dawo makarantar ta koma yadda ka same ta, ka yi taimako na ɗan lokaci. In ka dawo ka bar mutum biyu ko uku suna koyarwa, to ka shiga cikin waɗanda Annabi ya ce aikinsu ba ya yankewa bayan mutuwa, saboda ilmin da a ke amfana da shi.

Kira ga sauran jama'a

Wannan magana ba ta Malam kaɗai ba ce. Ba kowa zai iya tafiya ba, amma wanda ya shirya mai tafiya, ko ya kula da iyalinsa a bayansa, yana da rabo a cikin ladar. Attajiri ya ɗauki nauyin malami ɗaya. Masu gina masallatan Juma'a su tuna akwai waɗanda ke zama a sahu tun daga farkon huɗuba har ƙarshenta ba su san abin da aka faɗa ba, alhali tsayar da mai fassara da hannu a gefe ɗaya ba wani abu mai tsada ba ne. Makarantun Islamiyya su aika malami ko ɗaya ya koyo maganar hannu, da rubutun makafi na ɗigo-ɗigo wanda an riga an buga Alƙur'ani da shi. Uban da Allah Ya ba ɗa kurma ko makaho kada ya ɓoye shi a ɗaki, kada kuma ya miƙa masa ƙoƙo. Ya kai shi makaranta tun da wuri, domin amana ce da za a tambaye shi.

Mun daɗe muna jefa wa naƙasassu kwabo muna wucewa, muna ganin mun sauke nauyi. Kwabo aike ne. Abin da su ke bukata shi ne mutum ya zo da kansa, ya zauna, ya koyi maganarsu, ya koya musu. Malam, in iyayenka sun sa albarka, kuma ajinka ya sami mai riƙewa, ka yi istihara ka ɗaura niyya. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya, Ya sa aikin ya zama nauyi a mizaninka.

Ya Allah, Ka jiyar da mu daɗin jinmu da ganinmu muddin muna raye, Ka sa mu gode maka da su ta hanyar taimakon waɗanda Ka jarraba, Ka yafe mana sakacin da muka yi game da haƙƙinsu. Allah shi ne mafi sani. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, inda za mu koma kan bayaninmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.